Barewar Rufe Daji

Na san duk kun san labarin nan, ko in ce kuna tsammanin kun san shi. Ba a yin suna ko biki a gidanmu na Dogo Nini a watse ba wanda ya ɗauko shi: wai kakanku, Malam Idi maharbi, ya harbi barewa da kunne bayan idonsa ya tafi, Baba Gimba kuwa da idonsa biyu garau ya harbi iska. A yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Na sha jin ku kuna ba wa 'ya'yanku, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, a bakin Hadiza ma barewar har ta zama biyu. Ina zaune ina jin ku ban taɓa cewa uffan ba, domin alkawari ne ya ɗaure min baki. Yanzu masu alkawarin sun riga mu gidan gaskiya, Inna ma ta bi su bara, ni kuma gwiwoyina sun fara gaya min gaskiya. Gara in rubuta yadda abin ya faru, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka gani da ido.

Mu asalinmu fatake ne daga Kano. Kakana goro da tufafi ya kawo Potiskum, ya ga kasuwa ta karɓe shi, ya zauna. Duk 'ya'yansa sun bi sawunsa ban da Baba, wanda tun yana saurayi ya ga bindiga ya mance da awo. Dangi sun yi faɗa har sun gaji. Ni da na taso sai na raba ƙafa, ina dillancin shanu a kasuwa, in rani ya yi kuma in saɓa bindigata adaka in bi shi daji. Baba Gimba kuwa mutumin Ngizim ne daga wajen Danchuwa, dogo siriri, manomi da damina, maharbi da rani. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, komai "shi" ne a bakinsa. Tun suna samari suke takara da Baba. Ban taɓa ganin sun gaisa ba tare da an soki wani ba, ban kuma taɓa ganin ɗayansu ya shiga daji bai waiga ya ga ko ɗayan ya zo ba. Shi yana kiran Baba "Ɗan Kano", yana cewa hannun da aka yi don ƙirga goro ba zai iya riƙe bindiga ba. Baba kuwa cewa yake Gimba ya fi kyau da fartanya.

Dajin da muke shiga yana can gaba da Danchuwa. Ba gonar kowa ba ce, dajin hukuma ne da kowa ke da rabo a ciki: Bafillace ya yi kiwo, mai itace ya sari busasshe, maharbi ya yi farauta daga bayan girbi har zuwa ruwan farko. Da zarar ruwa ya sauka an gama, saboda lokacin ne namun daji ke haihuwa, mu ma kowa ya koma gona. Don haka a ƙarshen bazara, in hadari ya fara leƙowa daga gabas, Sarkin Baka, wato shugaban maharba, yakan sa ranar farautar rufe daji. Farauta ce mai wahala. Nama ya ragu, wanda ya rage kuma ya sha kora tun farkon rani har ya waye, ko karan sabara ka taka ya yi nisa. Wanda ya fara kayar da barewa a ranar shi ake kira mai rufe daji, da sunan za a riƙa gaishe shi har wata shekara. Baba ya sha samun sunan nan, wasu ma sun samu. Baba Gimba bai taɓa samu ba ko sau ɗaya. Kuma zan faɗi gaskiya ko da kakanku ne, a ranakun da ba na rufe daji ba Gimba ya fi shi saiti. Amma ranar in ta zo sai wani abu ya gifta, ko albarushi ya ƙi tashi, ko karen wani ya tayar masa da nama. Abin yana cin sa, kowa ya sani, shi ya sa ake tsokanar sa da shi.

Akwai wata al'ada da dole ku sani kafin ku gane sauran. Adaka ta baki ake ɗura ta, kuma kowane maharbi da irin ƙarfen da yake sa wa tasa, Sarkin Baka ya san na kowa. Baba boris ɗin mota yake sa wa, guda ɗaya, mai santsi. Baba Gimba kuwa rodi yake kai wa maƙeri a yanka masa gunduwa-gunduwa, shi ma guda ɗaya yake ɗurawa. In mutum biyu suka harbi dabba ɗaya, kowa ya ce shi ne, sai a feɗe ta a gaban Sarki, wanda aka samu ƙarfensa a ciki shi ne mai nama, ɗayan a ba shi karfata, wato ƙafar gaba da kafaɗarta. In kuwa ɗaya ya janye da bakinsa, ba a bincike. Wannan al'ada ta hana zubar da jini mai yawa a dajin nan, domin maharba ba su da sanyin zuciya.

A shekarar da nake ba ku labari ina da kusan arba'in, yanar ido ta gama rufe wa Baba gani. Da farko dishi-dishi yake gani, yana ɓoyewa, har ranar da ya yi wa turmi sallama a tsakar gida. Ya ƙi yarda a kai shi asibiti, wai ba mai sa masa wuƙa a ido. Duk ranin nan bai shiga daji ba, amma da aka fara zancen rufe daji sai muka ga ya sa an sauko masa da bindiga yana shafa mata mai. Labari ya kai kunnen Sarkin Baka, sai ya aiko da goro da gaisuwa, da saƙon cewa Malam Idi ya huta, za a kawo masa rabonsa har gida. Saƙon girmamawa ne, amma Baba ya ji shi kamar mari. Ya mayar da goron. Daga ranar ya daina cin abincin kirki, ya daina fita masallaci, ya koma zaure ya juya wa ƙofa baya. Na zauna kusa da shi wata la'asar ina ba shi haƙuri, sai ya ce min:

"Sani, ni ma na san na gama. Amma ina so in fita daga dajin nan da ƙafata, in ajiye bindiga da hannuna. Ba na so a ce an sallame ni da goro."

Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na je na durƙusa a gaban Sarkin Baka. Ya ce makaho da bindiga a cikin mutane ba abin wasa ba ne, in aka yi ɓarna me zai gaya wa iyayen yaro, me zai gaya wa hukuma? Na ce na ɗauki nauyin. A ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi: zan ajiye tawa bindigar a wurinsa, in zama idon Baba, mu zauna kwanto a gefe guda ba mu shiga cikin masu kora ba, kuma in wani abu ya faru ni da daji har abada. Na ajiye bindigar a gabansa na taso.

Wurin Inna ne na sha wuta. Tana tankaɗe na shiga, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai ne ka je ka roƙo masa? Uban naka da ba ya bambance ni da tulu, shi za ka miƙa wa bindiga? In ya harbi ɗan wani fa?"

Na ce, "Inna, a zauren nan ma mutuwa yake yi, a gabanmu."

Daga nan ba ta ƙara amsa gaisuwata ba har ranar farautar. Mahaifiyarku ma bayan Inna ta bi, ta ce in dai na dawo da abin kunya kada in ce ba a gaya min ba. Amma da asubar tafiya, da na fito, na tarar da goran fura a bakin zaure, an dama da nono mai kauri yadda Baba yake so. Ba wanda ya ce shi ya ajiye.

A-kori-kura muka ɗauka haya, mutane da karnuka a cushe a baya. A Danchuwa muka tsaya ɗaukar mutanen can. Baba Gimba na hawowa ya hango Baba a gaba kusa da direba, ya leƙo ta taga.

"Ɗan Kano, an ce idonka ya tafi Makka ya bar ka a gida."

Baba ya ce, "Ko da kunne ɗaya na fi ka, Gimba."

Mota ta ɗauki dariya. Rabona da in ji muryar Baba da ƙarfi haka tun kafin azumi.

Da muka sauka, samari da karnuka suka zagaya ta arewa don su koro nama, dattawa kuma kowa ya nemi wurin kwanto. Baba ya ce in kai shi gindin wani babban gawo da ke bakin busasshen tafki. Ya ce a wannan lokaci ciyawa ta ƙare, gawo ne kaɗai ke zubar da 'ya'ya, duk barewar da ta rage a dajin ta san bishiyar nan, ko gudu take sai ta biyo ta wurin. Na zaunar da shi a bayan wata geza, iska na busowa daga bishiyar zuwa gare mu. Can sai na hango Baba Gimba ya samu wuri ta hannun damanmu, a bayan suri. Haka yake yi kullum, duk inda Baba ya zauna yana kusa. Rana ta ɗaga, zafi ya sauko kamar an kife mu da kwano. Gumi na bin gemun Baba yana ɗiga a kan bindiga, amma ko motsi bai yi ba. Ni kuwa tsoro nake ji. Ba tsoron ya harbi mutum nake ba, don ina riƙe da bakin bindigar. Tsorona kada mu koma gida haka nan, ya koma zauren nan ya juya baya.

Wajen hantsi muka fara jin haushin karnuka daga nesa. Ban ga komai ba tukuna sai na ji Baba ya matse min gwiwa. Ya ji ƙarar busassun 'ya'yan gawo a ƙarƙashin kofato. Wannan ɓangaren na labarin gaskiya ne, ya riga ni sani, ni mai ido. Sai ga ta ta fito daga cikin sabara, namiji ne, ƙahoninsa sun yi baya, ta tsaya cak a inuwar gawon ta juya kunne wajen karnuka. Na karkata bakin bindigar a hankali ina raɗa masa ya ɗan sauke. Sai ya ture hannuna.

"Sake ni."

Na sake shi. Ya ja kunama, kuma kusan a tare na ji bindigar Baba Gimba ta tashi. Hayaƙi ya rufe mu. Da ya washe sai na ga barewar ta yi tsalle ɗaya ta faɗi tana shure-shure.

Baba Gimba ya riga mu isa, don ni ina jan Baba a hankali cikin ƙaya. Ya yi bisimilla ya yanka ta. Da muka matso, ya ba mu baya a tsugune, na ga yana sa tsinin wuƙa a raunin da ke bayan karfata, ya zura yatsu biyu, ya zaro wani abu. Na gan shi sarai, guntun rodi ne, jini na ɗiga daga jikinsa. Ya waigo muka haɗa ido. Abin da ya nema tun kafin a haife ni yana tsakanin yatsunsa, ba abin da ya rage sai ya ɗaga hannu sama mutane su gani. Ya dubi Baba da ke tsaye yana lalube da sanda yana tambaya ta faɗi ko ba ta faɗi ba. Sai ya jefa ƙarfen a baki kamar ɓarin goro, ya goge leɓe da hannun riga.

Mutane suka taru, Sarkin Baka ya iso yana haki. Ya ce ya ji bindiga biyu, wa ya fara jini? Baba Gimba ya miƙe, kumatunsa a cike, ya yi magana ta gefen baki:

"Nawa ya wuce sama. Barewan Ɗan Kano ne."

Baba ya ce a ɗora masa hannu a kanta. Na kama hannunsa na ɗora. Ya shafa ƙahonin, ya shafa wuya, ya gangaro har ya samu raunin, ya sa yatsa a ciki. Ya daɗe a haka. Can ya zare yatsan ya ce alhamdu lillahi. Wurin ya kaure da ihu, samari na harba bindiga sama, ana yi wa Baba kirari, wasu har da hawaye. Daga nan kuma aka juya kan Baba Gimba. Wani ya ce makaho ya riga mai ido, wani ya ce gara ya ba Malam Idi aron idon tunda ba ya amfani da su. Ya yi gum, aka ɗauka haushi ne ya hana shi magana, aka ƙara ƙaimi. Aka yanke masa karfata ya karɓa, ya ɗaure da igiya, ya je can ƙarshen mota ya zauna yana kallon baya.

Kafin mu tashi Baba ya sa na kai shi gaban Sarkin Baka. Ya miƙa masa bindigarsa da hannu biyu, ya ce ya gode wa daji, ya gode wa jama'a, ya ajiye. A hanya na bar shi a gaba na koma baya kusa da Baba Gimba. Da muka shiga wani gargada, kowa na ta kansa, sai ya tofa ƙarfen a tafin hannu ya wurga cikin ciyawa. Bai dube ni ba ya ce:

"Ba ka ga komai ba, Sani. Sai ni da shi mun mutu."

Na ce to, Baba.

Abin da ya biyo baya kun san wani, ba ku san wani ba. Baba ya dawo gida mutum. Ya ci tuwo a ranar har da neman ƙari, ya koma masallaci, zaurenmu ya zama majalisa. Inna da ta ƙi amsa gaisuwata ita ta zama shugabar masu ba da labarin, ba baƙuwar da za ta shigo gidan ta fita ba ta ji shi ba, kuma saboda ita ne na ƙara jinkiri bayan rasuwar Baba, ban ga dalilin ƙwace mata abin da take jin daɗinsa ba. Abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne, barewar nan ita ce ta ƙarshe da aka rufe dajin da ita. Gonaki suka yi ta cin dajin daga gefe, masu gawayi suka shiga, sannan aka yi shekarun da ba mai iya kwana a daji saboda rashin zaman lafiya. Baba Gimba ya ƙara wasu shekaru yana fita, daga zomo sai zabo. Sunan da ya ba Baba bai sake dawowa ba balle ya nema.

Tsokana kuwa ba ta bar shi ba har tsufansa. In ya shigo kasuwar shanu, daga mahauta har masu lodin mota sai an samu mai ce masa, Baba Gimba, ina barewa? Wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya ɗaga sanda. Wata rana wani matashin dillali ya wuce gona da iri a gabana, raina ya ɓaci na buɗe baki zan yi magana, sai na ji an take min ƙafa da ƙarfi. Shi ne. Daga kasuwar kuma gidanmu yake wucewa, ya zauna a zaure su yi ta musu da Baba har la'asar, Baba na ce masa manomi, shi yana ce masa mai goro. Na yi hulɗa da mutane iri-iri a dillanci, na ga masu kyautar sa da masu kyautar kujerar Makka, ana sanarwa ana tafi. Ban taɓa ganin kyauta irin ta mutumin nan ba, wadda ya bayar kuma ya ci gaba da biyan kuɗinta da fuskarsa kowace ranar kasuwa. Shekarun da Baba ya ƙara yana dariya a cikinmu, har ya ɗauki yawancinku a cinya ya yi muku huɗuba, bayan Allah shi ya ba mu su. Ina gode masa, kuma ina so ku gode masa.

Shi ya fara rasuwa, da damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. Baba ya tsufa ƙwarai a lokacin, amma ya ce ko a kafaɗa sai an kai shi jana'izar. Na ɗauke shi a mota zuwa Danchuwa. Bayan an yi salla, ana saka Baba Gimba a kabari, muna tsaye a gefe ina riƙe da Baba, sai ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da murya.

"Kai ma ka gani, ko?"

Kafin in amsa ya ƙara da cewa:

"Boris ba ya yaga fata haka. Tun da na sa yatsa na sani."

Na ce, "To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba, ana ta yi masa dariya shekara da shekaru?"

"Abin da ya nema tun muna samari ya samu, ya ɗauka ya ba ni a gaban mutane. In na ce ban karɓa ba, na bar shi ba barewa, ba kyauta." Ya numfasa. "Kana tsammani dariyar nan shi kaɗai take yanka?"

Ya ce in matsa da shi bakin kabarin. Mutane suka buɗa mana hanya. Na taimaka masa ya durƙusa, ya laluba ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa da hannu biyu ya zuba. Ni kaɗai na ji abin da ya faɗa, don bakinsa na kusa da kunnena.

"Kai ka rufe daji, Gimba. Allah ya sani, ni ma na sani."